Darasin Kimiyya: Motsa Ƙwaƙwalwa Ba Tare da Tiyata Ba, da Batun Wa Ya Mallaki Dabarar

Ɗalibai, yau da kifi za mu fara. Duk wanda ya taɓa zama da masunta a Yawuri ko Baga ya ji labarin minjirya, kifin nan mai santsin jiki da ba a kama shi da garaje. Ka taɓa ta, hannunka ya sage har kafaɗa, domin babbar minjirya tana iya sakin lantarkin da ya haura bolt 300. A tekun Bahar Rum akwai wani kifi mai faɗi kamar faifai da Allah Ya ba irin wannan baiwa. Wajen shekara ta 47 Miladiyya, wani likitan Rumawa mai suna Scribonius Largus ya rubuta cewa mai ciwon kan da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, a ɗora masa wannan kifi da ransa a inda ke ciwo har sai wurin ya sage. Likitan bai san wani abu wai shi lantarki ba, amma abin da ya yi shi ne kakan darasinmu: isar da lantarki ga kai daga waje, babu wuƙa babu almakashi.

Abu biyu za mu riƙe a lokaci guda. Na farko, yadda na'urorin zamani ke yin wannan aiki. Na biyu, wa doka ta ba ikon ƙera su da sayar da su, kuma har zuwa yaushe.

Kashi na ɗaya: Lantarkin da ke cikin kai

A ƙwaƙwalwar babban mutum akwai ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kowacce kamar ɗan ƙaramin batir. Idan ƙwaya tana hutawa, cajin cikinta yana ƙasa da na wajenta da kusan milibolt 70. Da zarar wani abu ya rage tazarar zuwa wajen 55, sai ƙofofin da ke jikinta su buɗe, sinadarin sodiyam ya kwararo ciki, saƙo ya fita a guje zuwa ƙwaya ta gaba. Ɗaga hannu, tuna sunan kakarka, jin haushin wani, duk da irin wannan saƙo suke tafiya.

To tunda saƙon lantarki ne, me zai hana mu aika namu daga waje? Ƙoƙon kai. Ƙashi ba ya barin lantarki ya ratsa shi da sauƙi, ga fatar kai cike da jijiyoyin jin zafi. A 1938, a birnin Roma, Ugo Cerletti da Lucio Bini sun bi ta ƙarfi: suka saki lantarkin da ya isa ya jawo wa majinyaci jijjiga da gangan. Har yau ana wannan magani, bayan an yi wa mutum allurar barci, kuma yana ceton masu matsananciyar damuwa. Sai dai ba ya zaɓen wuri, duk ƙwaƙwalwar yake girgizawa. A 1980, Patrick Merton da Bert Morton na Landan sun nuna ana iya motsa sashen da ke juya gaɓoɓi kaɗai da gajeren bugun lantarki mai ƙarfi a fatar kai. Ya yi aiki, amma zafinsa ya sa wanda aka gwada wa sau ɗaya ba ya marmarin na biyu.

Kashi na biyu: Maganaɗisu ya sami ƙofa

Ku tuna darasinmu a kan taransifoma. A 1831 Michael Faraday ya gano cewa idan ƙarfin maganaɗisu yana canzawa da sauri kusa da waya, lantarki zai gudana a cikin wayar ko da ba a jona ta da komai ba. Cikin taransifomar unguwarku koyil biyu ne da ba su taɓa juna, na farko yana haifar da lantarki a na biyu. Yanzu ku cire koyil na biyu ku sa ƙwaƙwalwa a madadinsa, tunda ita ma jiƙe take da ruwa mai gishiri da lantarki ke bi. Ƙashi kuwa bai san hanyar tare maganaɗisu ba.

Wannan shi ne abin da Anthony Barker da abokan aikinsa Reza Jalinous da Ian Freeston suka yi a Sheffield ta Ingila, suka buga a mujallar Lancet a 1985. Ana tara caji a babbar kafasita, yayar wadda ke cikin fankar ɗakinku, sai a sake shi gaba ɗaya cikin koyil. Lantarkin da ke ratsa koyil ɗin ya kai amfiya dubbai, amma bai kai kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa ba ya wuce. Maganaɗisun da ke tashi yana kai tesla 1.5 zuwa 2, wato ya ninka na duniya, wanda ke juya allurar kamfas, sau 30,000 ko fiye. A ɗora koyil a gefen hagu na kai, a danna, sai ka ji ƙas, babban yatsan hannun dama ya motsa ba da izinin mai shi ba. Sunan dabarar a taƙaice TMS, ma'anarsa motsa ƙwaƙwalwa da maganaɗisu ta cikin ƙoƙon kai.

Tana da iyaka. Ƙarfinta yana raguwa da sauri, bai cika wuce zurfin santimita 2 zuwa 3 ba. Koyil yana zafi in an daɗe ana bugu. Mai ƙarfe a cikin kai, ko na'urar ji da aka dasa a kunne, ba a kusantar da ita gare shi. Jefi-jefi kuma tana iya tayar da farfaɗiya. Ku riƙe matsalar zurfi da ta zafi, domin a kansu ne mafi yawan takardun mallaka suka ginu.

Kashi na uku: Mece ce takardar mallakar ƙirƙira?

Kun san yadda maɗori ko maƙeri ke riƙe sirrin sana'arsa. Ba ya faɗa wa kowa sai ɗansa, in kuma ajali ya zo babu magaji, sirrin ya bi shi kushewa. Takardar mallakar ƙirƙira ciniki ce da hukuma ke yi don kada hakan ta faru. Hukuma tana cewa mai ƙirƙira: rubuta sirrinka dalla-dalla yadda duk gwani zai iya kwaikwaya, mu wallafa wa duniya, mu kuma mu hana kowa ƙera abin ko sayar da shi ba da yardarka ba na wani wa'adi. Birnin Venice ya kafa irin wannan doka tun 1474, da wa'adin shekara 10. A yau, bisa yarjejeniyar kasuwanci ta duniya da aka sa wa hannu a 1994, wa'adin shekara 20 ne daga ranar shigar da takarda. Galibi bayan wata 18 ake buɗe takardar kowa ya karanta.

Sharuɗɗa uku ne. Abin ya zama sabo, ba a taɓa bayyana shi ko'ina ba. Kada ya zama abin da duk ɗan sana'ar zai hango da kansa. Sannan ya zama ana iya ƙera shi a yi aiki da shi. Ku duba da kyau, babu sharaɗin cewa sai an gwada a jikin marasa lafiya an ga sun warke. Wannan aikin wata hukuma ce dabam, FDA a Amurka, takwarar NAFDAC a nan. Idan ɗan talla ya ce muku na'urarsa tana da takardar mallaka, abin da ya faɗa kawai shi ne wani ofishi ya yarda sabuwa ce.

Ga shaida. A 1902, wasu mutum biyu a Vienna, Adrian Pollacsek da Berthold Beer, sun yi rajistar wata na'ura mai koyil da ake ɗorawa a kai don maganin damuwa. Shekara 83 ke nan kafin Barker. Takarda ta samu, amma a zamanin babu kayan da za su saki lantarki mai yawa haka cikin ƙiftawar ido, don haka zancen ya tsaya a takarda.

Kashi na huɗu: Wa ya mallaki me?

Babu wanda zai mallaki abin da Faraday ya gano, domin doka ba ta ba wa kowa mallakar ƙa'idar halitta. Aikin mutanen Sheffield kuma ya fito fili a mujalla, kuma cikin 'yan shekaru kamfanoni da dama suna ƙera na'urar: Cadwell a Amurka, Dantec a Denmak, Magstim a yankin Wales. Saboda haka gasar ta koma kan koyil, wato siffarsa, abin da ke cikinsa, yadda ake sanyaya shi, da yadda ake saita shi a kan wurin da ake so.

Koyil ɗin farko zagaye ne kamar gammo, yana motsa fili mai faɗi. A 1988 Shoogo Ueno na Japan ya haɗa zagaye biyu gefe da gefe kamar lamba 8, lantarki na bin su ta fuskoki masu saɓani, sai ƙarfin ya taru a mahaɗarsu. Har gobe wannan siffa ce ta fi yawa a asibitoci. Da aka sami na'urori masu bugu a jere, sai aka lura cewa tasirin yana saura bayan an kashe na'ura: bugu a hankali, sau ɗaya a daƙiƙa, yakan lafar da wurin, bugu da sauri yakan zaburar da shi. A 1995 Mark George da abokansa a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, NIH, suka ba da rahoton gwada bugu mai sauri a gaban kai ta hagu ga masu ciwon damuwa.

Nan kuɗi ya shigo. Charles Epstein, likitan jijiya a Jami'ar Emory, da injiniya Kent Davey sun sa ƙarfe a tsakiyar koyil, kamar dai yadda yake a taransifoma, don ya tattara maganaɗisu. Wutar da ake ci ta ragu, zafi ma ya ragu. Sun yi rajista a shekarun 1990, daga baya kamfanin Neuronetics, wanda aka kafa a 2003, ya karɓi lasisi ya gina na'urar NeuroStar a kai. Kamfanin ya ɗauki nauyin gwaji a kan majinyata 301, wasu da bugun gaske wasu da na bogi. Abin da 'yan talla ba su cika faɗa ba shi ne, a babban ma'aunin da aka tsayar tun farko, sakamakon ya gaza kai layi da ɗan kaɗan, kuma kwamitin masana da ya zauna a farkon 2007 bai gamsu ba. Sai a watan Oktoba na 2008 FDA ta ba da izini, shi ma ga rukunin majinyatan da suka sha maganin damuwa kala ɗaya bai yi musu ba.

A ganina wannan labari ya nuna amfanin takardar mallaka da iyakarta a wuri ɗaya. Babu ɗan kasuwar da zai zuba dukiyarsa a gwajin mutum 301 in ya san washegari maƙwabcinsa zai kwafi na'urar ya karya farashi. Takardar ce ta jawo jarin. Amma ba ita ta ce na'urar tana aiki ba, sai da aka gwada, kuma ko da aka gwada sai da aka yi ja-in-ja.

Matsalar zurfi kuwa, Abraham Zangen da Yiftach Roth suka tunkare ta a farkon shekarun 2000, lokacin da Zangen ke aiki a NIH. Suka shimfiɗa wayoyi a cikin hula mai kama da ta kwano, yadda ƙarfin sassa da yawa zai haɗu ya ɗan ƙara nutsawa, duk da cewa filin da yake motsawa ya fi faɗi. Takardar mallakar ta NIH ce, ta ba kamfanin BrainsWay na Birnin Kudus lasisi shi kaɗai. FDA ta yarda da hular don ciwon damuwa a 2013, don ciwon waswasi a 2018, don taimaka wa masu son barin taba a 2020. Ku lura da salon: bincike a jami'a ko cibiyar gwamnati, rajista, lasisi ga kamfani, gwaji, izini. Tun da Amurka ta yi dokar Bayh-Dole a 1980, wadda ta bar jami'o'i su mallaki abin da suka ƙirƙiro da kuɗin gwamnati, wannan hanya ta zama ruwan dare.

Yanzu ku fito da biro, za mu yi lissafi. Tsarin 2008 shi ne bugu 10 a daƙiƙa na tsawon daƙiƙa 4, sai hutun daƙiƙa 26. Kowane zagaye bugu 40 ne cikin daƙiƙa 30. Ana son bugu 3,000, wato zagaye 75, wato minti 37 da rabi a kujera, kwana 5 a mako, mako 4 zuwa 6. A 2005 Ying-Zu Huang da John Rothwell da abokansu a Landan suka wallafa wani salo da ya kwaikwayi kiɗan da ƙwaƙwalwa ke yi da kanta: bugu 3 a manne, a maimaita sau 5 a daƙiƙa, a yi daƙiƙa 2 a huta 8. Zagaye 20, bugu 600, minti 3 da 'yan daƙiƙoƙi an gama. A 2018 wani gwaji a Kanada mai majinyata 414 ya nuna na minti 3 bai gaza na minti 37 ba. A shekarar FDA ta ba kamfanin MagVenture izinin amfani da salon minti 3, sauran kamfanoni suka biyo baya. Na'ura ɗaya da a da take ganin mutum kaɗan a wuni, yanzu tana ganin ninkinsu. Ci gaban da ya fi rage wa majinyaci wahala, daga mujallar da kowa ke iya karantawa ya fito, kuma ko waya ɗaya ba a canza a koyil ba.

Shin ana iya mallakar salon bugu shi kansa? Ya danganta da ƙasa. Dokar Turai ta hana mallakar hanyar yi wa jikin mutum magani, sai dai na'urar da ke yi. Amurka tana bayarwa, amma bayan wani likitan ido, Samuel Pallin, ya kai ƙarar ɗan'uwansa likita a kan salon yanka wajen cire yanar ido, majalisa ta yi doka a 1996 da ta taƙaita bin likita diyya a kan hanyar aiki tsagwaronta. Shi ya sa lauyoyi ke ɗaure salo a jikin na'ura ko manhaja. Misali na kusa shi ne tsarin SAINT na Jami'ar Stanford, wanda Nolan Williams ya jagoranta: a ɗauki hoton ƙwaƙwalwar majinyaci, manhaja ta zaɓi wurin bugu, a yi zama 10 a wuni, kowanne bugu 1,800, na kwana 5. Wuni ɗaya bugu 18,000, daidai da na mako 6 a tsarin minti 3. Stanford ta ba kamfanin Magnus Medical lasisi, FDA ta yarda a Satumba 2022. A wani gwaji da aka yi wa tsarin, 11 cikin 14 da suka sami bugun gaske ciwonsu ya lafa, a masu na bogi 2 cikin 15. Sakamako ne mai faranta rai, amma mutum 29 ne duka-duka, kada ku manta da wannan.

Kashi na biyar: Na'urar da ta yi araha da yawa

Akwai wata hanya da ake kira tDCS. Soso biyu jiƙe da ruwan gishiri a fatar kai, da lantarki mai rauni, miliamfiya 1 zuwa 2, na kimanin minti 20. Cajar waya mai amfiya 2 ta ninka wannan sau 1,000. Ba ya sa ƙwaya ta harba saƙo, yana ɗan matsar da ita ne kusa da harbawa a ƙarƙashin soso mai alamar +, ya nisantar da ita a ƙarƙashin ɗayan. Michael Nitsche da Walter Paulus na Göttingen a Jamus suka farfaɗo da ita a 2000, amma tun farkon shekarun 1800 Giovanni Aldini ya gwada batir a kan wani manomi mai damuwa a Bologna.

Tsufanta da sauƙinta sun sa babu mai iya mallakar tushenta. Sai kamfanoni suka koma yin rajistar hula, soso, manhajar waya, suna sayar wa 'yan wasa da ɗalibai da alƙawarin kaifin ƙwaƙwalwa. Hujja kuwa tafiyar hawainiya take. Wani bincike na 2018 a kan gawarwaki ya nuna kusan kashi 75 cikin 100 na lantarkin fata da ƙashi ne ke shanye shi. Gwajin André Brunoni a São Paulo ta Birazil, mai majinyata 245 a 2017, ya nuna ta fi na bogi a ciwon damuwa, amma ba a iya nuna ta kamo ƙwayar escitalopram ba. Ina kuma gargaɗin masu ƙiriniyar cikinku: kada wanda ya haɗa batir da soso a gida. Fata tana ƙonewa, kuma ba ku san abin da kuke zaburarwa ba.

A gurguje, sababbin filaye biyu ne ake rige-rigen rajista a cikinsu yanzu. Ɗaya shi ne sautin da kunne ba ya ji, irin na sikanin masu juna biyu, wanda ake iya tattarawa a can cikin ƙwaƙwalwa. Ɗayan kuma Nir Grossman da Ed Boyden na MIT suka nuna shi a ɓeraye a 2017: lantarki biyu, ɗaya mai kaɗawa 2,000 a daƙiƙa ɗaya 2,010, waɗanda ƙwaya ba ta bin ko wannensu, amma a inda suka haɗu sai bambancinsu, wato 10, ya motsa ta.

Kashi na shida: Mu a ina muke?

Takardar mallaka ba ta tsallake iyaka. Wadda aka bayar a Amurka ba ta da hurumi a Kano ko Damagaram sai in an yi rajistarta a nan ma. Najeriya tana aiki da dokar 1970, wa'adi shekara 20, sai dai ofishin rajista tsarin takardu kawai yake dubawa, ba ya binciken ko abin sabo ne da gaske, dokar ma ta ce ana bayarwa ne ba tare da lamunin inganci ba. Hukumar NOTAP, wadda aka kafa a 1979, tana taimaka wa masu bincike shigar da takardunsu. Nijar da Chadi da Kamaru suna cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, inda rajista ɗaya ta wadatar a ƙasashe 17. Gana da Sudan suna cikin ARIPO ta birnin Harare.

Takardun da aka shigar a shekarun 1990 duk wa'adinsu ya ƙare, zane-zanensu da bayanansu suna nan kyauta a intanet. Injiniyan da ya iya naɗin koyil na janareta ba baƙo ba ne ga rabin abin da ke cikinsu. Ragowar rabin, wato kiyaye ran majinyaci, sai da likita da izinin hukuma.

Aikin gida: kowa ya shiga Google Patents ya nemi sunayen Epstein da Davey tare. Ya zaɓi takarda ɗaya, ya rubuto ranar da aka shigar da ita, ya lissafa shekarar da wa'adinta ya cika. Sannan ya tsallake dogon bayanin ya je ƙarshe, inda aka jera iƙirari da lambobi, domin nan ne kaɗai shingen gonar yake. Ku fassara mini iƙirari na 1 da Hausa, ku kawo ranar Litinin.